Gwaggo Ba Ta Tsallake Mataki

A ofishin taswira babu mai kiran Gwaggo da sunanta. Mai-rowa ake ce mata, tun daga maigadi har matuƙin jirgi, ta kuwa sani, kuma tana amsawa. Ba rowar abinci ba ce, don duk wanda ƙafarsa ta kawo shi ɗakinmu da rana sai ya tsoma hannu a kwanonta, ko yana so ko ba ya so. Rowar lamba ce. In aka kawo gilashin kyamara gwaji, mu abokan aikinta biyu muka ba shi takwas, ita bakwai za ta ba shi, ta rufe littafinta ta ɗora biro a kai. Ka yi magiya, ka yi fushi, ka kawo takardar kamfanin da ya ƙera shi, ko rabi ba za ta ƙara maka ba.

Ni 'yar ƙanenta ce. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu. Bayan sati biyu Gwaggo ta zo gidanmu ta tarar da ni sanye da riga a baibai, Baba yana fama da tsefe min kai da cokali mai yatsu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta zuba kayana a jaka ta ce masa, "Ka riƙa zuwa ganinta ran Asabar. Ka zo da sabulu." Tun ranar nake hannunta, har na gama jami'a, har na samu aiki a ofishin da take, a ɗakin da take, kujera ɗaya ce tsakaninmu.

Ita ba ta ga ƙofar jami'a ba. Ita ce babba a ɗakinsu, tana aji uku na sakandare ta ajiye littafi don Baba ya ci gaba. Tana shekara sha tara ta shiga ofishin nan a matsayin mai wanke fim, aikin da ke baƙanta yatsu ya bar wa tufafi warin magani. Mai gwajin gilashi na lokacin wani tsohon injiniya ne mai ciwon baya, sunkuyo ya zame masa azaba. Wata rana ya ce yarinyar nan mai wanke fim ta leƙa madubin ƙara girma ta faɗa masa abin da ta gani. Ta leƙa, ta ɗago ta ce masa lambar da ya rubuta ba daidai ba ce. Ya fatattake ta daga ɗakin. Washegari ya aika aka kira ta, ya nuna mata kujera da haɓarsa. Shekara talatin da bakwai ke nan tana kanta.

Aure sau ɗaya ta yi, da wani mai gyaran injin jirgi, mutumin kirki in ji kowa. Shekara huɗu suka yi. Ya ce ya gaji da matar da kullum take dawowa gida da jan zobe a kewayen ido kamar an danna mata bakin kofi, ta zaɓa, ko shi ko ɗakin gwajin gilashi. Har yau in wani mai shisshigi ya tambaye ta, abin da take cewa kawai, "Ai shi ya ce in zaɓa."

Bari in faɗi yadda aikin yake, don mutane da yawa sun ɗauka da ƙafa ake bin gari a zana taswira. Ofishinmu yana da ƙaramin jirgin sama mai rami a cikinsa. A kan ramin ake ɗaura kyamara mai nauyin buhun siminti biyu, bakinta yana kallon ƙasa. Jirgi ya yi ta kai da komowa a saman gari, layi bayan layi, tana ɗauka. Daga hotunan nan ne masu zane na hawa na biyu suke fitar da titi da kwata da katangar kowane gida. In gilashin kyamarar yana gani garau, katangarka tana inda take. In yana gani dishi-dishi, mai zane zai yi ta lalube ya ajiye ta inda hannunsa ya faɗa. Shi ya sa duk bayan shekara biyu, ko bayan gyara, babu kyamarar da ke hawa jirgi sai ta fara saukowa wurinmu.

Ɗakinmu a ƙarƙashin ginin yake, ba taga, sai ka sauka matakala ashirin da biyu. A tsakiyarsa akwai ginshiƙin kankare da aka haƙa wa raminsa daban, don kada girgizar manyan motocin da ke wucewa a titi ta taɓa shi. A kansa ake ɗora kyamara, tana fuskantar wasu bututai biyar masu fitila a ciki, ɗaya yana duban tsakiyar gilashin, huɗu suna duban kusurwoyinsa. Cikin kowane bututu akwai ɗan allo da aka zana wa baƙaƙen sanduna, uku-uku. Ukun farko manya ne, su muke ce wa mataki na ɗaya. Na biyu sun fi su ƙanƙanta, haka-haka har mataki na goma, wanda silin gashi ma ya fi shi kauri. Sai a ɗauki hoton allunan, a wanke fim, a shanya, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Aikin mai karatu shi ne ya faɗi mataki na ƙarshe da sandunan suka fito a rarrabe. Wannan lambar ita ce darajar gilashin. In ko kusurwa ɗaya ta gaza shida, ba ya tashi sama.

Mu uku muke karantawa, kowa da littafinsa, ba mai leƙa na wani: Gwaggo, da ni, da wani abokin aikinmu da ake ce wa Gaggawa, wanda ko gaisuwa yana tafiya yake yin ta. In an gama a ɗauki lambar tsakiya, mu ukun mu sa hannu. In ɗaya ya ƙi, gilashi ba ya fita.

Gwaggo in ta zauna, daga mataki na ɗaya take farawa, wanda kusan ko ba madubi za ka gan shi. Sai ka ga leɓenta yana motsi: ɗaya, biyu, uku. Ta matsa na gaba: ɗaya, biyu, uku. Haka za ta bi alluna biyar, minti arba'in cur, shayinta ya huce a gefe. Ni da Gaggawa minti goma ya ishe mu. Mun san gilashi mai kyau a bakwai ko takwas yake tsayawa, to me zai kai mu gaishe da manyan sanduna? Can muke dira kai tsaye, mu ga zane ya fito, mu rubuta. Ba zan ɓoye ba, a raina ina ganin ƙirgan nan nata ɗabi'ar wanda bai yi karatu mai zurfi ba ce. Ina son ta kamar raina, amma ina ɗan raina hanyarta, digirina yana hura min kai.

Abin ya faru ne a kan babbar kyamarar ofis, wadda ta dawo daga gyara daidai lokacin da sama ta washe. Makonnin da ake samun sama ba gajimare ba su da yawa, kuma aikin da ke jira babba ne: taswirar sababbin unguwannin bayan gari, inda za a ja bututun ruwa. Jirgi ya sha mai yana jira. Muka ɗauki hoto ran Talata, muka karanta ran Laraba. Tsakiya da kusurwoyi uku, ni da Gaggawa takwas da bakwai, Gwaggo shida. To, wannan ba sabon abu ba ne, ko da yake rowar ta ɗan ƙaru. Amma a kusurwa ta huɗu mu biyu muka rubuta bakwai, ita ta rubuta huɗu. Huɗu! Ta tura takardar shaida gefe da ɗan yatsa ɗaya ta ce ba ta sa hannu.

Na ce, "Haba Gwaggo, mu biyu fa muka ga bakwai."

Ta ce, "Ku biyu kuka duba. Je ki sake, daga ɗaya."

"Daga ɗaya kuma? Ni 'yar firamare ce?"

"'Yar firamare ai ta iya ƙirga."

Gaggawa ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Minti takwas kacal zai ɗauke ni in koma in bi matakan nan, fim ɗin yana nan a kan madubi, kujera a buɗe. Na ɗauki jakata na hau sama.

Daraktanmu sabo ne, watansa takwas da zuwa. Ma'aikata sun laƙaba masa Agogo, saboda ba ya iya sauraronka minti ɗaya bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama. Ran Alhamis ya aika in zo. Na tarar ya baje wata takarda a tebur, ya jera lambobin Gwaggo na shekara uku, ya ɗora rula ya ja jan layi a kansu mai gangarowa ƙasa.

Ya ce, "Kin ga wannan? Ba zan so in ci fuskar dattijuwa ba. Ke kike zaune da ita gida ɗaya. Tsakaninki da Allah, idonta lafiya?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma maganar 'yar firamare tana nan tana cina. Na ce, "Yallaɓai, ni dai yanzu a gida ni nake zura mata zare a allura."

Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Ya gyaɗa kai, ya dubi agogonsa, ya ce na gode.

Ran Juma'a takarda ta fito. An mayar da Gwaggo ɗakin ajiyar fayil a hawa na uku, don a sauƙaƙa mata. Hannun mutum biyu ya isa a kan kyamarar, za a ɗaura ta a jirgi ran Litinin da safe. Darakta ya kira ta ofishinsa ya miƙa mata da kansa. Ta sauko, ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka, ta goge madubi ta rufe shi da ƙyallensa kamar kullum. Ni da Gaggawa muka sa hannu. Ban ko yi jinkiri ba, wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Ran Asabar da hantsi Baba ya zo, da sabulunsa a leda, don har yau bai daina ba. Gwaggo tana zaune a kicin tana yanka albasa, ni ina wanke kwanoni. Ta ba shi takardar ya karanta.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri mana. Shekara biyu suka rage miki. Ɗakin fayil ma ai aiki ne, ga taga, ga fanka."

"Taga na ce musu ina nema?"

"To mene ne na tayar da jijiyar wuya? Ba korar ki aka yi ba."

"Kai dai tun kana yaro rabin shafi kake karantawa. Karanta ƙasa."

Baba ya gyara tabarau ya karanta a fili. An jingine duk karatun da ta yi cikin shekara uku da suka wuce, saboda shakku a kan lafiyar ganinta.

Ta ce, "Gilashi arba'in da ɗaya. Kowanne da hannuna a ƙasansa. Duk wanda ya buɗe fayil daga yau zai ga an ja layi a kan sunana, kuma ni za a ba ajiyar fayil ɗin, in riƙa kaɗe masa ƙura. Sannan jibi wancan makahon gilashin ya tashi sama. A kusurwar hoto ma ai mutane ne suke zaune. Ka gane, ko sai na zana maka?"

Ta ci gaba da yanka albasarta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Har ce min ya yi wai ba na iya zura zare a allura. Ni dai a sanina ban taɓa kai ɗinki ofis ba."

Baba ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Na tsaya da soso a hannu, ruwa yana ta zuba. Da ta zage ni da na ji sauƙi, da ta jefe ni da wuƙar ma. Sai kawai cewa ta yi in rufe famfo.

Ran Litinin muka shiga ofis tare. A bakin matakala, maimakon ta hau sama, sai ta gangara ƙasa. Akwai wani babban akwatin katako mai soso a ciki, wanda dole a cikinsa ake ɗaukar kyamara zuwa filin jirgi. Gwaggo ta shimfiɗa hankicinta a kan murfinsa, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

Ƙarfe takwas da rabi masu ɗaukar kaya biyu suka sauko, matuƙin jirgi yana biye da su yana kaɗa makulli. Suka yi cirko-cirko.

Matuƙi ya ce, "Mai-rowa, don girman Allah. Sama garau take, ko gajimare ɗaya babu. Irin wannan ranar sau nawa ake samu a shekara?"

"To ka tashi ka sha iska mana. Kyamara dai tana nan."

"Darakta ne fa ya ba da umarni."

"Ya zo ya faɗa min a nan. Matakala ashirin da biyu ce, ba ta taɓa kashe kowa ba."

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar kayan ya dubi ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya dubi silin. Wa zai ɗaga matar da ta haifi kamarsa daga kan akwati? Gaggawa ne ya ruga sama, karo na farko da saurinsa ya yi wa wani amfani.

Wata takwas darakta yana ginin nan, ranar ce ya fara taka ɗakinmu. Ya shigo fuska a murtuke.

"Malama, wannan ba daidai ba ne. Kin san zan iya ɗaukar mataki a kanki."

"Na sani, yallaɓai. Minti goma nake roƙo. Ka duba da idonka, tunda nawa ka ce ya mutu. In ka gama ka ce a ɗauka, ni da kaina zan riƙe musu ƙofa."

Ya dubi agogo, ya dubi matuƙi, ya ja kujerar. Ta tashi ta ɗauko fim ɗin ta sa, ta kai shi kusurwa ta huɗu da hannu, ba ta ko leƙa ba. Ta nuna masa inda zai murɗa.

"Fara daga manyan. Sanduna nawa?"

"Wannan ai ko yaro..."

"Nawa, yallaɓai?"

"Uku."

"Matsa."

Na biyu uku, na uku uku. A na huɗu ya ɗan daɗe, ya ce uku, amma sun fara haɗewa. Ta ce ya matsa na biyar.

"Babu komai a nan. Toka-toka ne kawai."

"Na shida?"

"Shi ma kusan haka." Ya murɗa gaba da kansa, sai muryarsa ta washe. "Yauwa! Ga na bakwai nan, sun fito sarai. Kin gani ko? Abin da yaran nan suka faɗa ke nan."

"Alhamdu lillahi. Ƙirga min su."

Ya ɗago, ya murje ido, ya sake sunkuyawa. Ya daɗe.

"Biyu."

"A kan allon, sanduna nawa aka zana?"

Ta ce, "Uku aka zana. Gilashin nan an mayar da shi a karkace, wannan kusurwar ba ta kan saiti. In gilashi ya fita saiti, kowace sanda sai ta baje, ta malala hagu da dama. Inda malalar wannan ta haɗu da ta maƙwabciyarta, nan ne yake yin duhu. Abin da kake gani ba sanduna ba ne, gurbin da ke tsakaninsu ne. Sanduna uku, gurbi nawa?"

Matuƙi ne ya amsa daga baya, a hankali. "Biyu."

Na san wannan abin. Wallahi na san shi. A shekara ta uku a jami'a aka koya mana, da sunansa na Turanci da lissafinsa, na zana shi a jarrabawa na ci. Da darakta ya tashi na zauna na duba. Ga su nan tsaf, kyawawa, baƙaƙe, guda biyu. Shekara takwas ina kan madubin nan ina neman zane, ban taɓa ƙirga shi ba. Gaggawa ya duba bayana, ya tashi ya je ya tsaya a jikin bango kamar wanda aka sa shi horo.

A yi wa darakta adalci, bai tsaya kare kansa ba. Ya ce a mayar da kyamarar wurin gyara, ya ce wa matuƙi a ɗaura tsohuwar ƙaramar, ko da za ta ninka masa zirga-zirga. Sannan ya juya ga Gwaggo, ya ce ta ba shi takardar Juma'a. Ta ba shi, ya yage ta biyu.

"Malama, na yi kuskure. Ki yi haƙuri. Kujerarki tana nan, karatunki yana nan."

Na ɗauka an gama. Har na fara jin daɗi, irin na wanda ya yi laifi aka manta da shi. Sai Gwaggo ta buɗe jaka ta ciro wata takardar, rubutun hannunta, manyan baƙaƙe fiye da yadda na san tana yi.

"Ga wannan. Gilashi biyar ne, ga lambobinsu. Su za a sake karantawa. Ni na karanta su cikin wata huɗun nan, kuma na rage musu abin da yake nasu. Ba su faɗi ba, tunda lambar tsakiya ake ɗauka, amma lambata a kansu ba gaskiya ba ce. A ƙasa kuma na rubuta cewa ƙarshen wata zan sauka daga kujerar nan."

Darakta ya karɓa yana kallonta. "Ban gane ba."

"Akwai wani tsohon fim a aljihun teburina, na san shi kamar tafin hannuna, takwas yake ba ni shekara da shekaru. Duk farkon wata nakan sa shi in gwada kaina. Wata huɗu da suka wuce takwas ta ɓace. Yanzu bakwai ma rawa take min."

"To ai maganata ke nan, Malama. Idon ne."

Nan ne ta ɗaga murya, karo na farko tun da aka fara rigimar nan.

"A'a! Ba maganarka ba ce. Kai shekara uku ka ce. Ka ɗora rula ka ja layi, ka tambayi yarinya labarin allura, ba ka auna komai ba. Ni na auna. Wata huɗu ne, gilashi biyar. Talatin da shidan can nawa ne, daidai suke, kuma duk wanda ya taɓa su sai mun kai ruwa rana da shi, ko ina ofishin nan ko ba na nan."

Ya nuna madubin. "Ke nan mataki na bakwan nan, ba ki ga sanduna biyun ba?"

"Ban gan su ba."

"To ta yaya kika san biyu zan gani?"

"Huɗu da biyar ai ina ganinsu. Gilashin da ya mutu a biyar ba ya farfaɗowa a bakwai. Sau goma sha ɗaya na gamu da irinsa a ɗakin nan." Ta ɗauki hankicinta daga kan akwatin ta kaɗe. "Ku ɗauki akwatinku."

Sauran ranar ni da Gaggawa muka yi ta a kan gilashin farko cikin biyar ɗin, daga ɗaya, muna ƙirgawa a fili kamar masu koyon karatu. Tana zaune a bayanmu da shayinta, ba ta gyara mana ko sau ɗaya ba, ba ta kuma yaba ba.

Ƙarfe huɗu da rabi muka fito. Rana tana nan da sauranta, titi cike da masu tashi daga aiki. Muka zauna a bencin tashar bas. Na daɗe ina juya maganar a bakina.

"Gwaggo, ki yafe min."

"Ba ƙarya kika yi ba. Inda kika kai ta ne ba wurinta ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Wata huɗu, muna kwana gida ɗaya."

Ta gyara jakar a cinyarta.

"Tsoro nake ji, 'yar nan. Tun ina sha tara ba abin da na iya sai gani. Kullum sai in ce bari wata mai zuwa, wataƙila gajiya ce. Na sa hannu sau biyar ina sane. Da wani ne ya yi haka da na ci mutuncinsa." Ta numfasa. "Ran Alhamis za ki raka ni wurin likitan ido. Kada ki gaya wa ubanki, zai zo ya cika ni da kuka."

Ban taɓa jin ta ce tana tsoron wani abu ba. Hawaye ya cika min ido, na kau da kai don kada ta gani, sai kuma na tuna wataƙila ba za ta gani ba.

Wata bas ta shawo kwana ta nufo mu. Gwaggo ba ta motsa ba. A nan na lura cewa watanni ke nan kullum ni nake fara miƙewa a tashar nan, ita ta biyo baya. Ranar na kasa tashi. Bas ɗin ta matso, ta rage gudu. Gwaggo ta ƙura mata ido, ta ɗan karkata kai.

"Wace ce wannan?"

"Lamba sha huɗu ce, Gwaggo. Tamu ce."

Ta miƙe. Na kai hannu na kama gwiwar hannunta. Ta fizge, har jakarta ta buge ni a ƙirji.

"Lamba na tambaye ki. Ban ce ki ɗauke ni ba."

Ta lalubi ƙarfen ƙofar, hannunta ya kuskure shi sau ɗaya, ta sake kai hannu ta damƙe shi, ta hau da kanta. Na tsaya a ƙasa ina kallon bayanta har sai da direba ya danna min oda.